Yaya jam'iyyar adawa ke aiki da mazauna ƙetare a ƙarƙashin mulkin kama-karya?

"Malam, ina yawan ganin 'yan ƙasashen da ake mulkin danniya suna zanga-zanga a Landan ko Washington, suna buɗe rassan jam'iyyun adawa, suna tara kuɗi. Shin wannan yana taɓa gwamnatin da ke gida kuwa, ko dai ihu ne bayan hari? Kuma ta yaya jam'iyya za ta amfana da su ba tare da ta jefa mutanenta na gida cikin wahala ba?"

Tambayarka biyu ce a haɗe: ko mazauna ƙetare suna da tasiri, da kuma yadda za a ci moriyarsu ba tare da wutar ta ƙone na gida ba. Amsar ta farkon gajeriya ce. Suna da tasiri, kuma shaidar ita ce irin wahalar da gwamnatocin kama-karya ke sha wajen bin sawunsu. Ƙungiyar Freedom House ta Amurka ta ƙirga a rahotonta na 2021 cewa daga shekarar 2014, gwamnatoci 31 sun taɓa 'yan ƙasarsu kai tsaye a ƙasashen waje har sau 608, kama daga kisa da sacewa zuwa tsarewa da tiso ƙeya ba bisa ƙa'ida ba. Gwamnati ba ta yi wa wanda ba ya damunta irin wannan farauta. Ta biyun ita ce mai tsawo, kuma a kanta ne jam'iyyu da yawa ke tuntuɓe.

Abin da na waje yake da shi wanda na gida ya rasa uku ne: kuɗi mai daraja, bakin magana, da kwanan da ba a buga masa ƙofa da tsakar dare. Abin da ya rasa kuwa shi ne ƙuri'a a mafi yawan lokuta, da sanin halin da gari ke ciki a yau, da kuma ɗaukar hukuncin abin da ya faɗa. Duk dabarar tana cikin yadda za a karɓi ukun farko ba tare da an miƙa masa linzamin jam'iyya ba.

Su wane ne mazauna ƙetaren?

Kuskuren farko shi ne ɗaukarsu a matsayin mutum ɗaya, kuma ɗan adawa. Akwai wanda ya tsere da takardar mafaka, ba shi da niyyar komawa sai an sauya gwamnati; wannan zai hau mumbari da sunansa. Akwai ma'aikacin da ke zuwa gida kowace shekara, yana gini, yana buƙatar ofishin jakadanci ya sabunta masa fasfo. Wannan zai ba da kuɗi amma ba zai yarda a ɗauke shi hoto ba. Akwai ɗalibin da gwamnati ke biya wa karatu, wanda kalma ɗaya za ta yanke masa tallafi. Sannan akwai 'ya'yan da aka haifa can, waɗanda suka san harshe da dokokin ƙasar da suke zaune, su ne suka fi iya shiga ofishin ɗan majalisa, amma siyasar gida labari ce a wurinsu. Jam'iyyar da ta buga katin zama ɗan jam'iyya iri ɗaya ta ce kowa ya cike, rukuni na farko kaɗai za ta samu.

Kuma ba fili ne da babu kowa ba, domin gwamnati ta riga ta shiga. Iritiriya tana karɓar harajin kashi 2 cikin 100 na abin da 'yan ƙasarta ke samu a waje, wanda bai biya ba kuma ba zai sami hidimar ofishin jakadanci ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tir da amfani da tursasawa wajen karɓarsa a Disamban 2011, Kanada kuma ta kori ƙaramin jakadan ƙasar a Toronto a 2013 kan wannan batu. Belarus ta hana ofisoshin jakadancinta sabunta fasfo tun Satumban 2023, wato duk wanda fasfonsa ya ƙare sai ya koma gida ya miƙa kansa. Ga kuma masu goyon bayan gwamnati da zuciya ɗaya: a zagaye na biyu na zaɓen Turkiyya na 2023, kusan biyu bisa uku na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a Jamus Erdogan suka zaɓa.

Kuɗi, da inda yake kashe jam'iyya

Misalin da ya fi fito da amfanin kuɗin waje shi ne Gambiya. A 2015 gwamnatin Yahya Jammeh ta ɗaga kuɗin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai ajiye daga dalasi 10,000 zuwa 500,000, da nufin ta gurgunta 'yan adawa. A 2016 ɗan adawa Solo Sandeng ya mutu a hannun jami'an tsaro, aka ɗaure jagoran adawa Ousainou Darboe shekara uku. 'Yan Gambiya mazauna Amurka da Turai, waɗanda ba su da ƙuri'a ko ɗaya, suka yi karo-karo ta intanet, suka kuma matsa wa shugabannin jam'iyyu lamba su fitar da ɗan takara guda. Jam'iyyu bakwai suka haɗu a bayan Adama Barrow, ya ci zaɓen 1 ga Disamba da kusan kashi 43, Jammeh na da kusan 40. Abin lura a nan shi ne sharaɗin da na waje suka dage a kai: haɗin kai suka nema, sunan ɗan takara kuwa wakilan jam'iyyu ne suka zaɓe shi a taronsu a cikin ƙasar.

Shawarar da nake bayarwa kullum ita ce a tara kuɗi don aiki mai suna da lissafi, kada a tara don "gwagwarmaya". Ayyukan da kuɗin waje ya fi dacewa da su huɗu ne: lauyoyin waɗanda aka kama, ciyar da iyalan fursunoni, kuɗin takara, da wakilan jam'iyya a rumfunan zaɓe. Na ƙarshen ya fi kowanne cin kuɗi kuma shi aka fi mantawa. Ƙasar da ke da rumfa 10,000, idan ana son wakili biyu a kowace, mutum 20,000 ke nan da za a horar, a ba su kuɗin mota da abinci da katin waya. Wanda ya ba da kuɗi don wakilan gundumar da ya fito, aka kuma nuna masa an tura su, zai sake bayarwa. Wanda ya zuba a asusun da ba a san bakinsa ba, sau ɗaya zai yi.

A gefen reshe, asusu ya kasance da sunan ƙungiyar da aka yi wa rajista a ƙasar da ake zaune, da masu sa hannu uku, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa. Ma'aji ya fitar da jimillar shiga da fita kowane wata. Yawancin rassan da suka dare gida biyu, ba aƙida ce ta raba su ba. Wani ne ya karɓi kuɗi a asusunsa na kansa, ko da da kyakkyawar niyya, aka nemi lissafi ya kasa kawowa, sai zargi ya shiga. Jami'an leƙen asiri kuma sun san wannan raunin sarai, jita-jitar "an ci kuɗi" ita ce makaminsu mafi araha.

Gefen gida ya fi haɗari. Ƙasashe da dama sun haramta wa jam'iyyu karɓar kuɗi daga waje, Zimbabuwe tana da irin wannan doka tun 2001. Wasu sun wuce nan: bayan wata kotu a Mosko ta ayyana gidauniyar jagoran adawar Rasha Alexei Navalny a matsayin mai tsattsauran ra'ayi a Yunin 2021, an ɗaure mutane saboda gudummawar da ba ta taka kara ta karya ba. A Belarus, jami'an tsaro sun bi bayanan banki sun zaƙulo waɗanda suka taimaka wa asusun BYSOL mai tallafa wa waɗanda gwamnati ta zalunta, aka tilasta wa wasu biyan ninkin abin da suka bayar, aka ɗaure wasu. Darasin aiki biyu ne. Na farko, mutumin gida kada ya taɓa tura kuɗi zuwa asusun 'yan gudun hijira da katin bankinsa. Kuɗi ya riƙa tafiya ta fuska ɗaya, daga waje zuwa ciki. Na biyu, duk abin da za a iya biya a waje a biya shi a can: shafin intanet, fassara, binciken ra'ayi, lauyan kotun ƙasa da ƙasa. Abin da ya zama dole ya shiga gida, lauyan da ya san dokar ƙasar ya duba hanyar tukuna, domin tura makudan kuɗi ga mutum ɗaya daidai yake da rubuta masa takardar tuhuma.

Jerin sunaye

Idan da abu ɗaya zan ce mai karatu ya riƙe, to wannan ne. A Mayun 2006 aka yi wa jaridar intanet ta Freedom Newspaper kutse, wadda wani ɗan jaridar Gambiya ke gudanarwa daga Amurka. Aka kwashe sunayen waɗanda suka yi rajistar karɓar labaranta, jaridar Daily Observer mai goyon bayan gwamnati ta buga su a matsayin masu kai rahoto, 'yan sanda suka ce kowa ya kawo kansa, aka tsare mutane da dama. Da yawansu karatu kawai suke yi. Wanda ya ajiye jerin yana can lafiya. Waɗanda ke cikin jerin su suka kwana a hannu.

Don haka ƙa'idar ita ce: abin da ba a rubuta ba, ba a sace shi. Reshen waje ba ya buƙatar sanin sunayen 'yan jam'iyya na ƙauyuka, kuma fom ɗin rajista ba ya buƙatar adireshin iyayen mutum a gida. A kasa magoya baya mataki uku: masu fitowa fili da sunansu, masu taimako a ɓoye waɗanda mutum ɗaya ko biyu kaɗai suka sani, da masu sauraro waɗanda ba a ajiye komai a kansu. Hulɗa da gida ta bi ta mutane ƙalilan da shugabancin gida ya amince da su. Zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu a ɗauke shi tamkar dandalin kasuwa, domin kowa na ganin lambar kowa, kuma wayar mutum ɗaya da aka karɓe a shingen bincike ta isa ta tona duka. Maganar da ke da nauyi a yi ta a rukunin da bai wuce mutum biyar zuwa takwas ba, a manhaja irin Signal, a kunna goge saƙo da kansa.

A taro kuma, a tsaya a ƙofa a sanar da cewa ba a ɗaukar hoton masu sauraro, kyamara ta fuskanci mumbari kawai. Abin da ke faruwa sananne ne: wani ya tsaya a gefen zaure da waya a ɗage yana zagaya fuskoki, bayan mako biyu a kira wani tsoho ofishin 'yan sanda a gida, a ajiye masa hoton ɗansa a kan tebur, a ce ya kira shi yanzu ya ja masa kunne. Wannan hanya ta matsa wa dangi ita ce aka fi amfani da ita, domin ba ta buƙatar tsallaka iyaka.

Kutse ta na'ura ma gaskiya ne. Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta bayyana a 2014 yadda aka aika wa ma'aikatan tashar ESAT ta 'yan Habasha mazauna ƙetare fayiloli masu ɗauke da manhajar leƙen asiri ta Skype, da sunan labari ne ake ba su. Amma da ɗan gari akan ci gari. Craig Williamson, jami'in 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, ya kai matsayin mataimakin darakta a wata gidauniya a Janeba da ke tallafa wa ɗalibai 'yan gudun hijira, ba a gano shi ba sai 1980. Maganin wannan ba farautar munafukai ba ce, domin zargin juna kan rusa ƙungiya fiye da yadda ɗan leƙen asirin zai yi. A tsara aiki ne bisa zaton akwai shi a ciki, ta yadda abin da zai iya sani ba zai kai kowa kurkuku ba.

Murya da kamun ƙafa

Kafar yaɗa labarai daga waje tsohuwar hanya ce: jam'iyyar ANC ta Afirka ta Kudu ta yi Radio Freedom a zamanin wariyar launin fata, 'yan adawar Najeriya sun yi Radio Kudirat a zamanin Abacha daga 1996, SW Radio Africa ta watsa wa Zimbabuwe daga Landan tun 2001 har gwamnati ta fara toshe zangonta a 2005. Yau saƙon murya da bidiyo kai tsaye sun karɓi aikin. Raunin duka ɗaya ne: mai magana yana nesa, zafin kai ne ke kawo masa masu sauraro, ƙarya ɗaya kuma da gwamnati ta kama ta isa ta shafe gaskiya goma. Kada a fitar da labarin kisa ko kamu sai majiya biyu da ba su san juna ba sun tabbatar, a goge bayanan wuri da lokaci daga hoto, a rufe fuskoki. Kuma ranar zanga-zanga na gida ne ke sa ta. Wanda ba zai shaƙi barkonon tsohuwa ba, bai kamata ya ce a fito gobe ba.

Wajen gwamnatocin waje, taron ɗaga kwalaye a gaban ofishin jakadanci yana ƙarfafa zuciya, amma fayil ne ke motsa jami'i. A je da buƙata guda, a rubuce a shafi ɗaya ko biyu: sunan fursuna da ranar da aka kama shi, ko sunan jami'in da ake so a hana wa biza da shaidar abin da ya aikata. Wannan aikin haƙuri yana haifar da sakamako. Wata kotu a Jamus ta yanke wa wani tsohon direban rundunar kisa ta Jammeh ɗaurin rai da rai a 2023, kotun Siwizalan kuma ta ɗaure tsohon ministan cikin gida Ousman Sonko shekara 20 a 2024. A kula da abu biyu. Kiran takunkumin da zai shafi ƙasa baki ɗaya yana ba gwamnati damar ɗora wa 'yan adawa laifin tsadar rayuwa, Zimbabuwe ma ta yi doka a 2023 don hukunta shiga irin wannan tattaunawa. Sannan ƙasar da ake zaune tana da nata dokoki. A Amurka akwai dokar 1938 da ta wajabta rajista ga mai yi wa jam'iyyar waje kamun ƙafa.

Batun makami kuwa a rufe ƙofarsa tun daga kundin reshe. Wasu 'yan Gambiya mazauna Amurka sun kai hari fadar shugaban ƙasa a Banjul ranar 30 ga Disamban 2014. Wasu sun mutu a wurin, Amurka ta gurfanar da waɗanda suka tsira a kotunta, Jammeh kuma ya tsare danginsu watanni ba tuhuma.

Ƙuri'a

Gwamnatin da ta san na waje ba nata ba ne, sai ta hana su zaɓe ta hanyar takarda. Mutum fiye da miliyan 7 sun bar Benezuwela, amma waɗanda ke cikin rajistar zaɓe a waje a Yulin 2024 wajen 69,000 ne kawai, saboda sharuɗɗan takardar zama da jan ƙafar ofisoshin jakadanci. Belarus ba ta buɗe rumfa ko ɗaya a waje ba a zaɓen Janairun 2025. Neman wannan haƙƙi a kotu daidai ne, sai dai yana ɗaukar shekaru. Abin da ke hannu yanzu shi ne wayar da mai turo kuɗin abinci ke yi wa gida, domin maganarsa tana da nauyi. A ba shi bayani takamaimai ya isar: ranar rufe rajista, takardar da za a riƙe, wurin rumfa. Sai aikin daren zaɓe. Wakili ya karɓi takardar sakamako mai sa hannu, ya ɗauki hotonta, ya tura. Ayari a waje, inda ba za a fasa ofis a kwashe kwamfuta ba, ya tattara ya wallafa. 'Yan adawar Benezuwela sun wallafa fiye da kashi 80 na irin waɗannan takardu cikin kwanaki. Bai sauke Shugaba Nicolas Maduro a lokacin ba, amma ya hana duniya karɓar alƙaluman hukuma. A tanadi hanyar da ba ta dogara da intanet ba, domin Jammeh ya katse intanet da kiran ƙasashen waje a jajibirin zaɓen 2016.

Wa ke riƙe da linzami

Nan ne rikicin gaske yake. Mai ba da kuɗi yakan so a ji maganarsa, kuma nisa yana sa mutum taurin kai: sulhu ya zama cin amana a idonsa, shiga zaɓe ya zama halasta azzalumi. Na gida kuwa yana lissafin wa za a kama gobe. Haɗakar Kinijit ta Habasha ta sami gagarumin tallafi daga waje a zaɓen 2005. Da aka saki shugabanninta a 2007 suka fita rangadi Arewacin Amurka, ɓarakar da ke tsakaninsu ta fito fili, kwamitocin tallafi na waje su ma suka rabu, haɗakar ba ta sake tashi yadda take ba. Abin da ke rage wannan shi ne a rubuta iyaka tun kafin kuɗi ya fara shigowa: reshen waje yana da kujera ɗaya ko biyu a kwamitin zartarwa, yana da haƙƙin ganin lissafi, amma shiga zaɓe ko ƙaurace masa, zaɓen ɗan takara, da kiran zanga-zanga na shugabancin gida ne. Shugabannin reshe kuma a zaɓe su na wa'adin shekara biyu, kada wanda ya fara buɗe zaure ya zama sarki.

Wannan tsari yana da iyaka, kuma dole in faɗe ta. Yana aiki ne inda jam'iyya ke da sauran numfashi a gida. Inda aka rufe komai, shugabancin kansa kan koma waje, kamar ANC a ƙarƙashin Oliver Tambo daga 1960 zuwa 1990, ko jagorar adawar Belarus Sviatlana Tsikhanouskaya da ta tsere zuwa Lituweniya a Agustan 2020. A nan barazanar ita ce yankewa daga jama'a: zaɓen majalisar tuntuɓa ta 'yan adawar Belarus da aka yi ta intanet a Mayun 2024 bai sami masu ƙuri'a 7,000 ba, alhali dubban ɗaruruwa sun bar ƙasar, na gida kuma suna tsoron ɗauri. Ma'aunin irin wannan shugabanci shi ne hidimar da yake yi wa mutane a zahiri, kamar shawo kan ƙasashen da suka karɓe su su amince da fasfon da ya ƙare. Bayanin nan kuma na gaba ɗaya ne. Dokar kuɗin jam'iyya da ta mafaka sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai an zauna da lauya a ɓangarorin biyu.

Saura batun tafiya da komawa gida. An kama ɗan adawar Habasha Andargachew Tsige a filin jirgin Sana'a a 2014 yana kan hanya, an yaudari ɗan adawar Ruwanda Paul Rusesabagina daga Dubai zuwa Kigali a 2020, an karkatar da jirgin Ryanair zuwa Minsk a Mayun 2021 don a kama ɗan jaridar adawar Belarus Roman Protasevich. Jagoran da ke waje ya duba ƙasashen da jirginsa zai sauka da waɗanda zai ratsa samaniyarsu, kuma kada ya hau jirgin da wani baƙo ya shirya masa. Wanda ya yanke shawarar komawa, kamar Victoire Ingabire a Ruwanda a 2010 ko Navalny a Janairun 2021, ya ɗauka za a kama shi: kafin ya tashi a naɗa wanda zai riƙe jam'iyya, a sauya masu sa hannu a asusu, a ɗauki lauya, a kuma share duk wani suna daga wayar da zai shiga da ita.